Kiwon Murjani da Kifin Teku a Cikin Gida: Tambayoyi da Amsoshi Ga Mai Kafa Tankin Farko

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tankin gilashi mai ruwan teku, ya ga murjani yana rausaya a ƙarƙashin shuɗin haske, kifaye masu launi kamar an fito da su daga marina suna ratsa duwatsu, ya san yadda abin yake kama zuciya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini tun da na shiga wannan kiwo, na kuma jera su yadda aikin yake tafiya, tun kafin a sayi gilashi har zuwa lokacin da tanki ya zauna. Sunayen kifaye da na murjani na bar su da Latin, domin da su ake rubuta takardar kaya, da su kuma za ka nema a wurin mai sayarwa.

Shi murjanin nan dutse ne, tsiro ne, ko dabba?

Dabba ne. Mu mun san murjani a wuyan amarya, jajayen duwatsun ado da iyayenmu mata suke ɓoyewa a adaka. Wancan ƙashin wani nau'i ne mai suna Corallium rubrum, wanda ake cirowa daga Bahar Rum. Wanda ake kiwo a tanki ɗan'uwansa ne mai rai: taron ƙananan halittu, kowace da baki a tsakiya da 'yan yatsu kewaye da shi, manne a kan dutse.

A cikin naman mafi yawansu akwai ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani, ana kiran su zooxanthellae. Su suke karɓar haske su sarrafa abinci, murjani ya ci daga gare su, shi kuma ya ba su masauki. Idan zafi ya yi yawa ko ruwa ya sauya farat ɗaya, murjani yakan kori baƙin nan nasa, sai ka ga ya yi fari fat. Bai mutu ba tukuna, amma ya rasa mai ciyar da shi. Kusan duk wata doka da za ka karanta a nan, daga wannan zaman taren ta samo asali.

Mene ne abu na farko da zan saya?

Wutar da ba ta yankewa. Littattafan da aka rubuta a Turai da Amurka sukan fara da gilashi da fitila, domin su wuta ba ta cikin damuwarsu. Mu a nan ita ce kan gaba.

Ruwan gishiri mai ɗumi ba ya riƙe iskar numfashi kamar ruwan daɗi mai sanyi. Abin da ke shigar da iska cikin tanki shi ne motsin saman ruwa, kuma da famfo ya tsaya, kifi da murjani da ƙwayoyin bakteriya duk suna ci gaba da shaƙar ɗan abin da ya rage. A tanki mai kifi da yawa, cikin 'yan sa'o'i za ka gan su a saman ruwa suna haki. Na taɓa rasa kifaye uku a dare ɗaya: wuta ta tafi bayan isha'i, batir bai cika ba, ni kuma na kwanta da tunanin za ta dawo. Da asuba na tarar da su a ƙasa. Tun daga ranar ba na yarda wani ya tambaye ni wane kifi zai saya kafin in ji yadda ya shirya wa dare.

Ba sai ka ɗora komai a kan inbata ba. Fitila za ta iya zama a kashe kwana biyu, murjani bai ce komai ba, ai a teku ma ana yin hadari. Abin da ba zai tsaya ba shi ne famfon da ke kaɗa ruwa, kuma yawanci wat 10 zuwa 30 kawai yake ci. Ka ba shi layinsa na daban daga batir da sola, sannan ka ajiye ƙaramin injin hura iska mai aiki da batir a kusa, wanda kowa a gidan ya san yadda ake kunna shi. Janareta taimako ne, amma yana buƙatar mutum ya tashi ya ja shi, shi kuwa tanki ba ya jira.

To zafin bazara fa? Ai Bahar Maliya ma akwai zafi, kuma ga murjani birjik.

Gaskiya ne. Wanda ya zauna a Port Sudan ko ya leƙa teku a Jidda ya ga murjani a ƙasa mai zafi, har ma tsibirin murjani na Sanganeb da ke gaɓar Sudan ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2016. Sai dai zafin teku a hankali yake sauyawa, tanki kuwa yana iya hawa digiri uku tsakanin hantsi da la'asar. Ban da haka, yawancin murjanin da ke kasuwa daga Indunusiya da Ostireliya yake fitowa, ko daga tankunan masu kiwo da suka saba da ruwa mai digiri 25.

Ka tsayar da ruwanka tsakanin digiri 25 da 26. Idan ya kai 28 ka fara neman mafita, idan ya zauna a 30 na kwanaki za ka ga fari. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, inda Afrilu ke wuce digiri 40, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Hanya uku ce: ɗaki mai na'urar sanyaya iska, injin sanyaya ruwa na musamman, ko fanka da ke hura saman ruwa. Fanka tana rage digiri biyu zuwa uku idan iska a bushe take, kuma ba ta cin wuta, amma tana ƙafar da ruwa sosai. Da damina, iska ta yi laima, ƙarfinta yana raguwa. Injin sanyaya ruwa ya fi tabbas, sai dai ya fi komai cin wuta, kuma zafin da ya ciro daga ruwa a cikin ɗakin yake zubar da shi, don haka kada a rufe shi a kabad.

Da hunturu kuma lamarin juyawa yake yi. Daren Janairu zai iya saukar da ruwa ƙasa da 22, saboda haka hita ma dole ce. Ka saka murfin raga ko gilashi saboda ƙurar hunturu, kuma kada ka kafa tanki inda rana take faɗowa ta taga ko jikin bangon da ke shan ranar yamma.

Ƙaramin tanki ba zai fi sauƙi ga sabon shiga ba?

Ya fi arha, amma bai fi sauƙi ba. Idan lita 2 ta ƙafe daga tanki mai lita 40, gishirinsa zai tashi daga 35 zuwa kusan 37. Idan ta ƙafe daga mai lita 200, da ƙyar ma'auni zai nuna. Haka abin yake ga zafi da datti: ruwa mai yawa yana shanye kuskure. Ina ba da shawarar lita 150 zuwa 250 ga mai farawa, kuma mai faɗi ya fi mai tsawo, domin faɗin saman ruwa ne ke shigo da iska.

Ka tuna da nauyi. Tanki mai lita 200 da gilashinsa da dutse da yashi yana kusantar kilo 300. Teburin falo ba zai ɗauka ba. A ƙera masa mazauni mai ƙarfi, a daidaita shi da ma'aunin magina, idan na ƙarfe ne a shafe shi da fenti sosai domin gishiri yana cin ƙarfe.

Zan iya amfani da ruwan famfo, na burtsatse, ko fiya wata?

A'a, ko ɗaya. Ruwan famfo yana da kulorin, na burtsatse da na rijiya sukan zo da nitiret, fosfet, silika da ƙarafa, fiya wata kuwa an yi shi ne domin sha, ba ka san abin da ya rage a cikinsa ba. Ruwan da mutum zai sha lafiya lau yana iya ɗauke da ɗan jan ƙarfe da zai kashe jatan lande da dodon koɗi, ko fosfet da zai cika maka tanki da gansakuka wata da watanni.

Ka sayi matatar RO/DI, wadda ke tace narkakkun sinadarai daga ruwa, da ƙaramin ma'aunin TDS, mai nuna yawan abin da ya rage narke a cikin ruwan. Ruwan da ya fito ya nuna sifili. Da ya fara nuna 1 ko 2, lokacin sauya sinadarin matatar ya yi. Matatar tana zubar da lita uku zuwa huɗu kafin ta ba da ɗaya mai kyau, sai ka tara wannan don wanki ko ban ruwan shuka, ba a barin sa ya bi lambatu.

Gishirin girki fa, ko a ɗebo mini ruwan teku daga Legas?

Gishirin girki sinadari ɗaya ne kawai. Ruwan teku yana da kalsiyam, maganiziyam, fotasiyam, kabonet da wasu da dama, kuma da su murjani yake gina ƙashinsa. Sai gishirin da aka haɗa musamman domin tankin teku.

Ruwan gaɓar Legas kuma ban yarda da shi ba. Yana gauraye da ruwan tafki da dattin gari da man jiragen ruwa. Gaɓar Nijeriya ma ba ta da tudun murjani irin na Bahar Maliya, domin kogin Kwara da sauran koguna suna kwararo laka da ruwan daɗi, murjani kuwa ruwa garau yake so.

Yaya ake haɗa ruwan?

A cikin roba mai tsabta wadda ba a taɓa zuba sabulu ko fetur a ciki ba. Ka fara zuba ruwa, sannan ka riƙa barbaɗa gishiri famfo yana juyawa. Kada ka zuba ruwa a kan tulin gishiri, kalsiyam zai daskare ya yi fari. Kimanin giram 35 zuwa 38 ake sa wa kowace lita, wato tanki mai lita 200 zai ci wajen kilo 7 a cikar farko. Ka bar shi ya juya sa'o'i, sannan ka auna da rifiraktomita, na'urar auna gishirin ruwa: abin nema 35 a ma'aunin gishiri, ko 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. Shi kansa ma'aunin a riƙa daidaita shi da ruwan gwaji mai 35.

Kuskuren da sabbin shiga suka fi yi yana nan. Ruwa ne yake ƙafewa, gishiri yana nan inda yake. Saboda haka abin da ya ƙafe da tataccen ruwa marar gishiri ake mayar da shi, kullum, ko da hannu ko da na'ura mai cikawa da kanta. Ruwan gishiri sai ranar sauyin ruwa, lokacin da ka zuƙe wani ka zubar.

Wane dutse da yashi zan saka?

Dutsen teku mai ramuka, irin na farar ƙasa. Shi ne ainihin matatar tankin, domin a ramukansa bakteriya masu cinye datti suke zama. Akwai rayayyen dutse, wanda aka ciro daga ruwa da halittunsa, akwai busasshe. Rayayye yana saurin zaunar da tanki, amma yakan zo da baƙin da ba a gayyata ba, kuma idan ya daɗe a hanya abin da ke jikinsa yana ruɓewa. Busasshe ya fi dacewa da mu, ga sauƙin kawowa, sai dai yana buƙatar haƙuri. Dutsen gini, marmara da dutsen rafi ba sa yi, wasu ma suna sakin ƙarfe a ruwa.

Ka ɗora duwatsun a kan gilashin ƙasa kafin ka zuba yashi, don kada kifi mai tona rami ya rushe ginin. Ka bar koguna da hanyoyin da ruwa zai ratsa, da tazara tsakanin dutse da gilashi inda hannu zai shiga. Yashi na aragonayit, kaurin santimita 2 zuwa 4 ya isa.

Cikin na'urorin nan masu yawa, waɗanne ne dole?

Famfon kaɗa ruwa, fitila, hita, abin sanyaya ruwa, ma'aunin zafi da kayan gwaji. Murjani ba ya tafiya, ruwa ne ke kawo masa abinci ya kwashe masa datti, don haka a sa'a guda famfunan su juya ruwa ninki 20 na girman tankin ko fiye: lita 4,000 ga tanki mai lita 200. Biyu ƙanana suna fuskantar juna sun fi ɗaya babba, kuma kada a saita su kai tsaye a jikin murjani.

Fitila ta zama LED ta murjani mai rinjayen shuɗi, sa'a 8 zuwa 10 a rana, a lokaci ɗaya kullum. Ka fara da rabin ƙarfinta. Na fi ganin murjanin da haske ya ƙona fiye da wanda duhu ya kashe.

Sikima, na'urar da ke tayar da kumfa ta kwashe datti kafin ya ruɓe, tana da amfani ƙwarai, tana kuma ƙara iska a ruwa. Ƙaramin tanki mai kifi kaɗan zai iya rayuwa ba ita idan ana sauya ruwa a kan kari. Tankin ƙasa, wanda ake ɓoye na'urori a ciki, yana ƙara yawan ruwa, amma ka gwada shi tun ranar farko: kashe wuta da gangan ka ga ko zai ɗauke ruwan da zai gangaro daga sama ba tare da ya yi ambaliya ba.

Na cika ruwa, komai yana aiki. Yaushe zan saka kifi?

Bayan mako huɗu zuwa shida, kuma gwaji ne zai faɗa maka, kalanda ba ta sani ba. Kifi yana fitar da amoniya, ita kuwa guba ce da ke ƙona masa mashaƙa. Wasu bakteriya suna mayar da amoniya nitirayit, wasu su mayar da nitirayit nitiret, wanda ba shi da illa sosai. Sabon tanki ba shi da waɗannan ma'aikatan, sai an rene su.

Ka zuba bakteriyar kwalba, ka ba su abinci: ko ɗigon amoniya har gwaji ya nuna 2, ko guntun ɗanyen jatan lande da za ka bari ya ruɓe. Ka bar fitila a kashe. Kana gwadawa duk bayan kwana biyu za ka ga amoniya ta hau ta sauko, nitirayit ya bi bayanta, nitiret ya bayyana. Ranar da ka zuba amoniya ta kai 2, ka dawo bayan sa'a 24 ka tarar da ita da nitirayit duka a sifili, tanki ya shirya. Sai ka sauya wani kaso na ruwan, ka kawo kifi biyu.

Wasu za su ce maka ka jefa kifi mai taurin rai ya yi wannan aikin. Tsohuwar hanya ce, kuma azabtar da dabba ne a banza tun da ɗigon amoniya yana yin abin da ake so.

Tanki ya yi ruwan ƙasa, gansakuka ta rufe dutse. Na ɓata ne?

Ba ka ɓata ba, kowa yana bi ta nan. Da farko wata ƙura mai ruwan ƙasa za ta lulluɓe yashi, tana cin silika, idan ta cinye sai ta tafi da kanta. Bayanta koriyar gansakuka mai kama da gashi, wani lokaci da jan yauƙi a inda ruwa ba ya motsi. Wannan yakan ɗauki wata uku zuwa shida, musamman da busasshen dutse. A nan ne mutane suke karaya, su yi ta zuba magani iri-iri, kowane magani ya haifar da sabuwar matsala.

Ka tsige abin da hannu zai tsige, ka zuƙe da tiyo, ka rage abinci, ka duba TDS. Yanzu ne kuma lokacin kawo masu shara: dodon koɗi irin Trochus na gilashi da dutse, Cerith da Nassarius na yashi, da 'yan ƙaguwa masu shiga kwanson dodon koɗi. Ka fara da biyar ko shida. Idan ka zuba talatin za su share tankin cikin mako guda, sannan yunwa ta kashe su. Ranar da ka fara ganin ɗigo-ɗigon shunayya mai tauri a jikin dutse, ka yi murna, alamar tanki yana girma ce.

Wane kifi zan fara da shi, kuma guda nawa?

Amphiprion ocellaris, ɗan kifin nan mai ruwan lemo da fararen ratsi uku. Ana ƙyanƙyasar sa a gonakin kifi, yana cin abincin gwangwani, yana da juriya. Ka sayi ƙanana biyu tare. Dukansu ba mace a cikinsu tun farko, wanda ya fi ƙarfi shi zai girma ya rikiɗe ya zama mace, ɗayan ya zauna namiji. Ba sa buƙatar anemoni, dabbar nan mai kama da fure da suke fakewa cikin yatsunta a teku, kafin su rayu, ita kuwa anemoni kada ka kawo ta sai tanki ya yi wata shida zuwa shekara, domin tana yawo, tana harbin murjani, famfo kuma yana iya markaɗe ta ya gurɓata ruwan duka.

Bayan su akwai Gramma loreto mai rabi shunayya rabi rawaya, da Nemateleotris magnifica wanda yake tsalle, sai da murfi, da Ecsenius bicolor mai kiwon gansakuka. Wanda na fi so shi ne Cryptocentrus cinctus tare da abokinsa jatan lande mai tona rami: shi jatan landen ba ya gani sosai, sai ya yi ta haƙa yana taɓa kifin da gashin kansa, kifin yana gadi a bakin rami, da ya kaɗa wutsiya su shige tare. Yara a gidana sun fi zama gaban wannan ramin fiye da gaban talabijin.

A tanki mai lita 200, ƙananan kifaye biyar ko shida sun isa, kuma a wurin da wuta ba ta da tabbas ragewa ya fi. Ɗaya ko biyu ake ƙarawa a lokaci guda, a bar mako biyu zuwa uku a tsakani domin bakteriya su ƙaru daidai da dattin. Masu sanyin hali su fara shiga, masu faɗa su zo a ƙarshe. Abinci sau ɗaya ko biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu. Abinci mai ƙanƙara da ya narke ya sake daskarewa saboda ɗauke wuta, zubar da shi.

Akwai waɗanda zan guje wa?

Paracanthurus hepatus, shuɗin kifin nan mai rawayar wutsiya, ana sayar da shi ƙarami kamar kwabo, amma yana kaiwa santimita 30 kuma mai iyo ne, yana son tanki mai tsawon santimita 180. Synchiropus splendidus ya fi kowa kyau, sai dai ƙananan ƙwarin da ke rayuwa a tsohon dutse yake tsinta duk yini, a sabon tanki ramewa yake yi har ya mutu. Ƙananan kifayen nan masu arha na dangin Chrysiptera da Dascyllus, da yawansu da sun girma sai su hana kowa sakat, fitar da su kuma sai an kwashe duwatsu. Yawancin kifayen dangin Chaetodon murjani suke ci.

Dole ne sai na keɓe sabon kifi?

Ni a wurina dole ne. Cuta biyu ce ke share tanki: Cryptocaryon, mai fararen ɗigo kamar an barbaɗa gishiri, da Amyloodinium, mai kama da ƙura a fata, wadda ke kashewa cikin kwana biyu ko uku. Maganinsu mafi sanuwa na jan ƙarfe ne, shi kuwa jan ƙarfe yana kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi, yana kuma shiga dutse ya zauna. Ka ga ke nan ba a yin magani a babban tanki. Idan cuta ta shiga, sai an kamo kifayen duka an fitar, a bar tankin ba kifi kimanin kwana 76 har ƙwayar ta mutu don rashin wanda za ta kama.

Tankin keɓewa ba wani abu ba ne: lita 40 zuwa 60, hita, matatar soso, da guntayen bututun roba na ɓuya. Sabon kifi ya yi wata guda a ciki kana kallon cin abincinsa da numfashinsa. Raga da tiyonsa daban.

Yaya ake sakin kifi daga leda?

Ka ɗora ledar a rufe a kan ruwa minti 15 zuwa 20 zafi ya daidaita. Idan daga cikin gari ka sayo shi, sai ka juye a roba ka riƙa ɗiga masa ruwan tanki na rabin sa'a. Idan kuwa ya kwana a hanya, kamar yadda yawancin namu suke yi, kada ka ja lokaci. Amoniya ta taru a ledar, amma iskar da kifin ya fitar ta saukar da pH, wato ta ƙara wa ruwan tsami, ta rage mata dafi. Da ka buɗe, iskar ta fice, pH ya tashi, amoniyar ta koma guba nan take. Ka auna gishirin ledar, ka daidaita na tankin keɓewa da shi, ka ɗauke kifin ka saka. Ruwan leda ba ya shiga tanki ko kaɗan.

Wane murjani zan fara da shi?

Masu laushi, marasa ƙashi: Discosoma mai kama da naman kaza, Sarcophyton, Sinularia da Zoanthus. Suna jure ɗan datti da haske matsakaici. Xenia da koren nan Briareum ma suna da sauƙi, amma suna yaɗuwa kamar ƙiri-ƙiri a gona, ka ba su dutsensu daban nesa da sauran. Bayan wata uku ko huɗu sai ka gwada masu ƙashi da manyan kawuna, irin su Duncanopsammia, Caulastraea da Euphyllia. Euphyllia yana miƙo dogayen yatsu ya harbi maƙwabci, a ba shi fili. Acropora da 'yan'uwansa masu rassa sai tanki ya shekara kuma hannunka ya zauna.

Ka sayi ƙananan yanka da aka rena a tanki, sun fi arha kuma sun fi juriya. Kowane a tsoma shi a ruwan maganin ƙwari na murjani, a duba ƙarƙashinsa ko akwai ƙwai ko Aiptasia, wata ƙaramar anemoni mai ruwan ƙasa da ke cika tanki. A fara ajiye shi a ƙasa, a riƙa ɗaga shi sama a hankali. Idan ya rufe kwana biyu bayan zuwansa, ka ƙyale shi, yawan ɗaga shi daga nan zuwa can ya fi cutar da shi.

Me zan riƙa gwadawa?

Zafi kullum. Gishiri da alkaliniti, wato yawan kabonet da ke hana ruwa yin tsami, duk mako. Alkaliniti tsakanin 8 da 9 a ma'aunin dKH, kalsiyam 400 zuwa 450, maganiziyam 1,250 zuwa 1,350, pH 7.8 zuwa 8.4, nitiret 2 zuwa 10, fosfet 0.03 zuwa 0.1. Kada ka kori nitiret da fosfet zuwa sifili, murjani yana buƙatar kaɗan. Alkaliniti da ya zauna a 7.5 wata da watanni ya fi wanda ke lilo tsakanin 7 da 10, saboda haka idan za ka gyara, kada ka wuce 1 a rana. Sauya kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako ko biyu yana isar tankin masu laushi ba sai an ɗura wani sinadari ba. Ka samu littafi kana rubuta sakamako da kwanan wata.

Akwai haɗari ga mutanen gida, ko daga gare su?

Duka biyun akwai. Wasu Palythoa da Zoanthus suna da dafi mai tsanani da ake kira falitoksin. Ka sa safar hannu da tabarau idan za ka taɓa su, kada ka taɓa da rauni a hannu, kuma kada a taɓa tafasa dutsen tanki ko zuba masa ruwan zafi, domin tururin ya sha kwantar da iyali guda a asibiti. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki sosai: soket ya kasance a ɗage daga ƙasa, nesa da fantsama, kowace waya ta yi lanƙwasa ƙasa kafin ta hau soket, a kuma sa makunnin kariya mai yanke wuta da kansa.

Daga ɓangaren gida, babban makashi shi ne maganin sauro. Na fesawa, fiya-fiya da na kunnawa duk suna sauka a ruwa, sikima ma tana zuƙo iskar ɗaki ta cusa a ciki, kuma jatan lande da ƙaguwa ba sa jure ko ɗan kaɗan. Ɗakin da tanki yake ba a fesa masa komai, a nemi raga a tagogi. Turare, hayaƙin janareta, da hannu mai man shafawa ko sabulu su ma a nisanta su. Ka zaunar da iyali da masu aikin gida ka yi musu bayani tun kafin kifi ya iso.

Daga ina halittun nan suke fitowa, kuma ba ɓarna ake yi wa teku ba?

Wani lokaci ɓarna ce. A wasu yankunan Filifin da Indunusiya an daɗe ana fesa gubar sayanayid a ramukan murjani don a sumar da kifi a kama, murjanin wurin ya mutu, kifin ma sau da yawa ya mutu bayan makonni a tankin mai saye. Pterapogon kauderni, wanda asalinsa tsibiran Banggai ne kawai a Indunusiya, ya shiga jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa a 2007 saboda yawan kamu, alhali yana hayayyafa a tanki cikin sauƙi. Ka tambayi mai sayarwa ko na ƙyanƙyasa ne, ka zaɓe shi ko ya fi tsada. Murjani mai ƙashi duka yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin halittun da ake karewa, ba ya ƙetare iyaka sai da takardar izini, don haka kada ka ce wa mai dawowa daga Jidda ko Port Sudan ya ɓallo maka guntu ya sa a jaka.

Idan zan yi tafiya, ko na ga ba zan iya ci gaba ba?

Tafiyar mako guda ba matsala ba ce idan ka shirya. Ka ƙulla abincin kowace rana daban, ka ɓoye sauran, domin mai jiran tanki kusan kullum yawaita abinci yake yi saboda tausayi. Ka cika robar tataccen ruwa, ka ja layi a gilashi inda ruwa zai tsaya, ka nuna masa injin iska mai batir da lambar wayarka. Kada ka sauya wata na'ura ko ka kawo sabon kifi a makon tafiya.

Idan kuwa dainawa za ka yi, ka nemi wani mai kiwo ya karɓa ko ka mayar wa mai sayarwa. Ba a sakin komai a teku ko a tafki. Kifin Pterois mai ƙayoyin dafi, ɗan asalin tekun Indiya da Fasifik, an fara ganin sa a gaɓar Fulorida a 1985, yau ya cika tekun Karibiyan yana cinye ƙananan kifayen wurin. Ciyawar tanki Caulerpa taxifolia ta ɓulla a gaɓar Monako a 1984, ta bazu a Bahar Rum. Gansakuka da guntayen murjanin da ka tsige, ka ƙulle su a leda su bushe sannan su tafi shara. Dutsen kuma kada ka jefar, idan ka bar shi a robar ruwan gishiri da ƙaramin famfo, bakteriyarsa suna nan da rai, wanda zai karɓa ya huta da jiran makonni shida.